Akwatin da Aka Sa Kawu

Shekarar da na fara aiki da wata ƙungiyar tallafa wa mutanen karkara a Jalingo, aka ba ni rubuta manhajar rajista. Ogana, mai kwat ko ana tsananin zafi, shi ya zana tsarin a allo. Akwati ɗaya a sama, Mutum. Uku a ƙasa, Manomi, Makiyayi, Ɗan kasuwa, kowanne da kibiya tana kallon sama, wai ya gaji suna da gari daga Mutum. Wanda aka yi wa rajista akwati ɗaya zai shiga, ba fita.

Na ce, "Oga, a nan mutum ɗaya ke yin duka ukun. A bar Mutum shi kaɗai, sana'a ta zama kamar riga, ya sa ya cire."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Zanen zai yi muni."

Zanen fa! Mutumin da takalminsa bai taɓa sanin taɓon fadama ba. Ni kuma gwani sai na rubuta yadda ya ce.

Da rani kawuna ya zo daga Lau neman rigakafin shanu, na sa shi a Makiyayi da hannuna. Ruwan farko na sauka ya dawo karɓar irin shinkafa, don fadamarsa ke ciyar da gidan. Manhaja ta ƙi. Makiyayi ba shi da gona, ko gurbin rubuta ta babu. Sai dai a goge shi a sake shigar da shi Manomi, shanun su rasa allurar gaba.

Na ruga wurin Oga. Ya ce tsarin lafiyarsa lau, mutanen ne ba su da tsari.

Na dawo na yi wa Kawu bayani, ina ta kame-kame. Ya daɗe yana kallon kwamfutar.

"Ɗana, wannan inji, waye ya koya masa?"

"Ni ne, Kawu."

"Kai da ka sha nonon shanun nan, ka ci shinkafar nan?"

Ya zaɓi shanu. Fadamar ya shuka ta da ragowar tsohon iri, rabi bai tsiro ba, kuma har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Bayan kaka na gyara manhajar ba tare da na tambayi kowa ba. Kwana biyu kacal aikin ya ɗauke ni.