Ƙaramin Bakin Wuƙar Baba

A garinmu, can arewa da birni inda gona ke manne da gona har akuya ma sai a cikin gida ake ɗaure ta, ana iya sayar da ƙasa a bar itacen da ke kanta. Gona ta zama ta wani, amma ɗorawa ko tsamiya ko mangwaron da ke ciki yana nan a hannun mai shi na farko, ya zo ya tsinki abinsa ba mai ce masa don me. Da wannan sharaɗin Baba ya sayar da gonarmu ta bakin hanya, a shekarun nan da damina biyu suka yi mana gardama a jere, taki ya gagari talaka, rumbu ya koma gidan ɓeraye. Wani Alhaji daga birni ne ya saya. Baba ya gaya masa a gaban shaidu cewa ƙasa tasa ce, mangwaro kuwa namu ne.

Mangwaron ɗan aure ne. Baba ya aura shi da hannunsa shekarar da aka haife ni, da wani reshe da ya ɗauko daga lambun da ya taɓa yi wa aiki, ya naɗo shi cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ba shi da zare ko kaɗan, ƙwallonsa siriri, zaƙinsa kuwa sai wanda ya sha. Duk ƙauyukanmu babu irinsa. In ka shuka ƙwallon, gama-garin mangwaro mai zare ne zai fito maka. Hanya ɗaya ce ta samun irinsa: ka yanko ɗanyen reshe daga jikinsa, ka fiƙe gindin, ka tsaga kan wani ƙaramin dashe ka soka a ciki, ka ɗaure har su haɗe su zama itace ɗaya.

Shekara biyu bayan cinikin, da farkon damina, Alhajin ya dawo. Mutum ne mai ladabi, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Ya cire takalmi ya durƙusa a zaure ya gaida Baba, sannan ya ce an yanka gonar fuloti, da kaka magina za su shigo.

"Itacen nan kuwa, Baba, a tsakiyar falon gidan da za a gina ya faɗo," in ji shi.

"Allah Ya sanya alheri," in ji Baba. "A bar mana damina."

Ni dai raina ya ɓaci, har na fara jero maganar shaidu. Baba ya bari Alhaji ya tafi, sannan ya ce min fushina ba zai aura ko reshe ɗaya ba. Ashe shi ya daɗe da hango wannan rana. Shi ya sa tun shekarar da aka yi cinikin ya sa ni binne ƙwallaye a tsofaffin gwangwanaye a bayan ɗaki, ni kuma ina yi ina ƙunƙuni. Yanzu ga dashe talatin, kowanne ya kai kaurin fensir. Sai dai yanar ido ta riga ta rufe wa Baba gani, fari da baƙi kawai yake bambantawa. Aikin ya faɗo kaina, ni da nake malamin firamare, mai ganin duk abin da ya taɓa kallo da ido ya iya shi.

Wuƙar da Baba ya aura mangwaron da ita tana nan a aljihunsa. Irin mai naɗewar nan ce, mariƙinta na ƙaho, da tambarin barewa a jiki. A cikinta akwai babban baki da ƙarami, da ɗan zarto, da sukudireba, da mabuɗin gwangwani, da basilla. Da ita aka gyara rediyon rabin unguwarmu, da ita ake ɗinke mangalar jaki. Babban bakin ya sha dutse shekara talatin har ya koma kamar tsinke, wata rana ya karye a kan igiya. Ƙaramin kuwa yana nan sabo fil, domin abu ɗaya kawai yake yi. Baba yana karantar da allo a zaure da safe, kuma da wannan bakin yake fiƙe alƙalamin kara. Ya ce ƙarfen da ke gyara alƙalamin rubuta ayar Allah ba zai taɓa wani abu ba. Inna, Allah Ya jiƙanta, ta taɓa roƙonsa ta yanka kuɓewa da shi ranar da wuƙarta ta ɓata, ya hana. Kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Saboda haka ni ko a raina ban kawo in tambaye shi ba.

Na hau bas na shiga birni neman irinta. A lokacin kantuna sun bushe, abin da ka sani jiya yau sai dai labari. Na sha yawo kafin na same ta a wani shago, cikin kwali mai ƙyalli. Ga barewar nan kuwa, amma an ƙara mata tauraro a gefe, mariƙin kuma na roba ne. Na tambayi mai shagon ina tauraron nan ya samo asali.

"Ai kamfanin ne ya haɗe da wani, Malam," ya ce. "Da ɗaya ne, yanzu biyu ne a wuri guda. Ka ga ƙarfi ya ninku kenan. Dubi har almakashi aka ƙara mata, da madubi."

Maganar ta shige ni. Na dawo gida da wuƙata ina buɗe bakunanta ɗaya bayan ɗaya a cikin bas don mutane su gani. Na miƙa wa Baba. Ya juya ta a hannu, ya buɗe babban bakin ya rufe kusa da kunnensa. Tasa in ta rufe sai ka ji ƙas. Wannan kuwa lumus ta koma. Ya miƙo min abata bai yaba ba, ni kuma na ɗauka kishi ne irin na tsofaffi.

Washegari da sassafe na hau mangwaro na yanko rassa goma sha biyu. Tun a reshe na uku na ji wuƙar na turjewa. Na wasa ta a dutse, ta yi kaifi, na yi yanka biyu ta sake dakushewa. Maimakon ta zare itacen da ja ɗaya, sai na riƙa gurzawa ina komawa. Na soka, na ɗaure da yankakkiyar leda, na jera su a inuwa. Mako uku ina zagaya su kafin in tafi makaranta da bayan na dawo. Dukansu suka yi baƙi suka bushe.

Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tsoro, don gero ya riga ya kai gwiwa. Na zare ɗaya daga cikin matattun na kai wa Baba, na ce hannuna ne bai iya ba. Ya shafa fiƙin da babban yatsa, sama da ƙasa.

"Wannan ba yanka ba ne, tauna ce," ya ce. "Ji tudu, ji kwari. Ta ina za su manne? Hannunka bai gama nuna ba, gaskiya ne, amma wannan laifin ƙarfe ne."

Daga nan na yi wautar da har yau ake min dariya a kanta. Mu a wurinmu, in fartanya ko lauje ya yi laushi, maƙeri ake kai wa ya sa a wuta ya tsoma a ruwa, ya dawo da tauri. Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Maƙerin garinmu ya juya wuƙar ya ce shi bai san halin wannan farin ƙarfen ba. Na ce ya yi kawai, ni na ɗauki nauyi. Ya kama ta da awartaki, ya tura bakin cikin garwashi, ya hau zuga. Kafin bakin ya yi ja, roba ta fara ɗiga tana wari, madubin ya fashe, barewa da tauraro suka narke suka zama abu ɗaya. Da ya tsoma ta a ruwa bakin ya fito a karkace. Ya miƙo min da awartakin ya ce, "To Malam, ga haɗewar kamfani ta cika." Ban yi dariya ba a ranar.

Ban kuma haƙura ba. Na je wurin wanzami aron aska, ya ce askar da ke hawa kan mutane ba ta hawa itace. Na sayi reza na sake aura goma. Reza tana da kaifi amma ba ta da ƙashi, tana lanƙwashewa a cikin itacen ta bi inda ta ga dama, ta uku ma ta karye ta tsaga min yatsa. Biyu daga cikin goman suka yi kamar za su yi toho, na fara murna, sannan suka bi 'yan uwansu. Saura dashe takwas. Gero ya fitar da kai, an kuma sauke motar yashi ta farko a bakin gonar.

Ranar wata Alhamis, da babu karatun allo, na zauna a zaure ina wasa wuƙar girki, na ƙudurta ko da haƙori ne sai na aura takwas ɗin nan. Baba yana jin ƙarar dutsen. Can ya ce in ajiye, in je in yanko rassa, in zaɓi waɗanda idonsu ya kumbura bai fashe ba. Da na dawo na tarar ya sa an jera masa gwangwanayen a gaban buzunsa. Ya yi alwala. Ya zaro wuƙarsa, ya sa farce ya buɗe ƙaramin bakin.

Na ce, "Baba, na alƙalami ne fa."

"Na sani. Ni na sa dokar," ya ce. "Rabona da ganin layi a allo shekara biyu. Ina fiƙewa ne wasu na rubutawa. Miƙo reshen."

Ya riƙe shi yadda yake riƙe kara, gindin na kallon ƙirjinsa, babban yatsa na tokare. Ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya, ya juya ya sake ja sau ɗaya. Shi ke nan. Fuska biyu sumul, suna sheƙi da danƙo. Sai a lokacin na gane fiƙin alƙalami da fiƙin reshe aiki ɗaya ne, kuma duk shekarun nan da bai aura komai ba hannunsa bai huta ba ko rana ɗaya. Ya yi huɗu, sannan ya ce in zagayo bayansa in ɗora hannuna a kan nasa. Muka yi biyu tare. Na ji yadda ƙarfen ke shiga ba tare da an matsa masa ba. Biyun ƙarshe ya sakar min wuƙar. Na ja. Ya shafa na farko ya ce a jefar, in sake wani. Ya shafa na biyu ya miƙo min in soka, wanda a wurin Baba yabo ne. Ni na tsaga, na soka, na ɗaure, shi kuma yana bin kowane ɗauri da yatsa.

Da muka gama ya goge bakin da gefen rigarsa, amma danƙon mangwaro ya riga ya bar masa tabo baƙi. Ganin tabon nan ya sosa min rai fiye da yadda na zata.

Mako uku na hana kaina taɓa su, kallo kawai. A cikin takwas, biyar suka kama. Uku na Baba, ɗaya na haɗin gwiwa, ɗaya nawa. Na san nawa ne don na ɗaura wa gwangwaninsa jan zare, ban gaya wa kowa ba.

Bayan an yanke gero masu faskare suka zo. Tun daga gida ana jin saran gatari. Na so in je, Baba ya ce babu abin da zan gano a can, in kama hannunsa in kai shi bayan ɗaki. Ya tsuguna a gaban gwangwanayen yana lalubawa. Sabbin ganyen sun fito jajaye, masu laushi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa mahaɗin, inda ɓawo ya fara rufe ɓawo. Muna nan muka ji ƙarar faɗuwar itacen, har ƙasa ta amsa. Hawaye ya zubo min, ban ɓoye ba. Baba bai ɗago ba. Yatsansa na kan na biyar, ya taɓo zaren.

"Wannan wa ya yi masa ado?" ya tambaya.

Na ce ni ne.

Ya sake shafa mahaɗin a hankali, sama da ƙasa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wuƙar, ya buɗe ƙaramin bakin ya rufe, ta ce ƙas. Ya lalubo tafin hannuna ya ɗora ta, ya naɗe yatsuna a kai.

"Reshe da alƙalami, su kaɗai," ya ce. "Kuma don Allah kada ka kai ta wurin maƙeri."