Kwalbar da Inna ta cika da turare

Shekarun baya, lokacin da aka gama babban taron ƙasa kowa a Kwatano ya samu bakin magana, ni ina labo, ɗakin bincikenmu, ina fama da zuciyar ɓera. Bincikena a kan wasu ƙananan ƙofofi ne a jikin ƙwayar halitta, inda fotasiyam ke shiga da fita. Akwai sinadarin da muke zubawa, in ya kama ƙofar sai baƙin layi ya fito a fim. Nawa ya fito raɗau, har na fara tafiya kamar wani babban mutum.

Malamina ya ce ba zai sa hannu ba sai an gwada da feftayid, wani gari da ake fara ciyar da sinadarin da shi. In layin ya ɓace, aikina gaskiya ne. In ya tsaya, shirme na yi shekaru ina kallo. Ga bursina, kuɗin tallafin karatuna, ta kusa ƙarewa, garin kuma sai Turai.

Wani abokina a can ya samo shi cikin 'yar kwalba, ya ba kawuna da ke sayo tsofaffin motoci. Kawu ya cusa shi cikin tsaraba. A gidanmu kuwa tsaraba ba ta jiran kowa, nan take ake zazzage ta a tabarma a raba.

Na sauka daga zemijan, babur ɗin haya, a unguwarmu Zango, Inna ta tare ni tana murmushi.

"Ɗan nan, abokinka ya yi abin kunya. Kwalba ya aiko maka, wayam, ko ɗigo babu. Na ce kar ka gani ranka ya ɓaci."

Ta miƙo min ita a wanke tas, cike da turaren da take sawa ranar Juma'a. Garin dama bai kai a gan shi da ido ba.

Na zauna a dakali. Ban yi faɗa ba. Ta ce, "Bai yi maka ba ne? In canza wani?"

Na ce, "Ya yi, Inna."

Mun sake aikawa a samo, amma kafin wani garin ya iso bursi ta ƙare, samfuran zuciyar ɓeran da ke firigo, na'urar sanyaya kaya, kuma ɗauke wuta ya gama da su. Na koma koyarwa a makarantar sakandare, a nan na yi furfura.

Mutane kan tambaye ni ko na ji haushinta. Wallahi ban ji ba. Abin da ke cina shi ne har yau ban san ko layin nan gaskiya ne ba, kuma babu mai gaya min.

Inna ta rasu tana ba maƙwabta labarin yadda ta rufa wa abokina asiri. Kwalbar tana cikin aljihun rigar Juma'ata. Turaren ya daɗe da ƙarewa, amma ban taɓa wanke ta ba.