Likitan Ƙofar Mazugal

Jama'a, a buɗe hanya! Ga babban likitan Ƙofar Mazugal, mai asibiti a kan baro, mai digiri a dabino. Ni na naɗa shi, don ko sunansa ban sani ba.

Dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, rigar ta yi masa yawa kamar ta aro. Duk wanda ya tsaya sai ya biya masa karatu: dabino na ƙara jini, yana sa ƙarfi, yana wanke ciki. Amma yau muryar da ƙyar take fita, idonsa na can kan hanyar unguwar Koki.

Da mai saye ya wuce, sai ya koma tsince masu laushin, waɗanda ya kamata ya jera a sama su ja ido. Yana cire ƙwallon, yana jefawa a ɗan kwanon sha mai ruwa, yana damawa da babban yatsa. Ko lasar yatsan ba ya yi. Na ce a raina, ko dai akwai tsohuwa marar haƙori a gida, ko Baba ya yi sabon aure.

Bakina ba ya zama lafiya. Na ce, "Baba likita, wannan haɗin na amarya ne?"

Bai ɗago ba.

"'Yata ce ta haihu shekaranjiya. A asibiti sun ce jini za a ƙara mata, leda biyu. Ni dabino gare ni." Ya rufe kwanon. "In ba saye za ka yi ba, matsa, ka tare mini kaya."