Kadan da ke jikin ƙwaryar Iya Tumba

A gidanmu na Kaura Namoda ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar tanderu ce, wadda kakata Iya Tumba ke gasa gurasa da ita bayan magariba. Mu jikoki mu zagaye ta muna fatan wata ta ƙone gefe, don ita ce rabonmu. Hannun Iya na manna kwaɓi a cikin tanderu, bakinta na nasa aikin.

Ƙwaryar kwaɓinta abin kallo ce. Wani gwani a Shinkafi ya zana ta tun Iya na amarya, kuma har yau ban ga hannu irin nasa ba. Kada ne ya naɗe jikinta kaf, wutsiya ta zagayo har bakinsa. In harshen wuta ya motsa, wallahi sai ka ga yana numfashi. Mata kan shigo takanas don su gan ta, su ce, "Iya, wagga ƙwarya kika kwaɓi ciki?" Ta ce, "To mi zan yi da ita? In aje ta gaba in riƙa gaishe ta?"

Ran da na maimaita tambayar matan, sai ta ce, "Ga tatsuniya nan tafe, ƙawata, matsa mata wuri."

Wai wata mata ce ta samu ƙwarya irin wannan, kyanta ya hana ta taɓa ta, ta rataye a bango. Kadan ya kwana bai ji ƙamshin gari ba, ya wayi gari bai ji ba. Da yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya saki wutsiyarsa, ya sulalo ƙasa, ya haɗiye kaza, ya koma ya lafe. Kashegari akuya. Matar na ta zargin kura. Da dabbobi suka ƙare, sai ya tsaya ƙofar ɗakin yara yana sunsuna. Nan Iya ta yanke labarin, ta juyo mana ƙwaryar, idon kadan ya faɗo daidai kaina. "Shi ya sa nika ciyar da nawa," in ji ta. Ba ta taɓa gaya mana abin da ya samu yaran ba. Ni kuwa tabarmata ce ta bakin ƙofa, tsoro ya hana ni ko juyi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da murna, ya kuma cika da ji-ta-ji-ta. Baba Sani, autan Iya, ya dawo daga wajen wa'azi da 'yar wuƙa a hannu, ya ce siffar mai rai ba ta zama gidan nan, zai kankare kadan. A lissafina, wuƙa na taɓa shi zai saki wutsiya, kuma ni zai fara iskewa. Na ƙanƙame zanen Iya.

Iya ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Gaskiyarka, Auta. Bari in kwashe kwaɓi."

Ta zaro masa gurasa mai zafi, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli, ta zuba mai. Kafin ya lashe yatsu ta juye sabuwar fulawa a ƙwaryar, ta kwaɓa, ta rufe da faifai. "Wanga sai ya tashi. Ba a sa wuƙa ga abinci. Ka dawo gobe."

Gobe ma kwaɓi ya iske. Ya zo da safe, kwaɓi. Ya zo da azahar, kwaɓi. Duk tafiyarsa in leƙa in ga ko wutsiya na nan cikin baki. Gurasa ta yi mana yawa har maƙwabta suka gaji da godiya. A hankali wuƙa ta daina zuwa, sai mai ita. Wata rana na gan shi yana jiran gashi, yana bin bayan kadan da ɗan yatsa, a hankali ya ce, "Mutumin ga ya iya."

Bayan rasuwar Iya aka wanke ƙwaryar, aka ce ta fi ƙarfin kwaɓi, aka rataye ta a ɗakinta don girmamawa. Da na zo ganin gida bayan damina, na miƙa hannu in shafa ta, yatsana ya burma daidai kan kadan. Gara ta cinye cikin.

A lokacin na gane Iya ba wasa kawai take yi da mu ba. Ba ta gama mana tatsuniyar ba, sai mu muka gama ta, kuma kadan bai ci kowa ba. Wuƙar Baba Sani ta kasa shi, mu masu ganin girmansa muka bar shi ya mutu da yunwa.