Uberlinda da Rumfar Kiwinta

Da hantsin ranar Talata, sha biyu ga Agusta, a tsakiyar hunturunmu na nan kudancin duniya, Allah ya karɓi ran yayata Uberlinda Cárcamo a gidanta da ke garin Coyhaique, tana da shekara saba'in da huɗu. Yaya, mutane na ta cewa kin huta. Ni da na san ki, na san ba hutu kike nema ba.

Ina nan ranar da kika dawo daga garin Valdivia da dashen kiwi, ɗan itacen nan mai yaɗo, guda uku a cikin jiƙaƙƙen buhu, mata biyu, namiji ɗaya. Irin ƙananan nan ne masu santsin baya, da ake ci har da ɓawo. Duk unguwa aka yi miki dariya, wai a garin da iska ke kwashe rufin kwano za ki yi rumfar kiwi. Kika kafa turaku, kika ja waya.

Shekara bakwai ba ɗa ko ɗaya. Sau uku sanyin Nuwamba yana ƙone sabon toho, ganye ya yi baƙi ƙirin. Kika tsaya a gabansu da ƙoƙon shayin mate a hannu, kika ce da ni, “Saiwar tana da rai. Ba a gama ba.”

A shekara ta shida mijinki Nolberto ya fito da gatari zai sare namijin, tunda shi dai an ce ba zai taɓa yin 'ya'ya ba. Kika tare masa hanya.

“Tsoho, in rashin amfani ke sa a sare namiji, da kai za mu fara.”

Ya yi dariya har ya zauna a kan kututture, gatarin bai sake fitowa ba.

Da suka yi 'ya'ya a shekara ta takwas, kwandon farko gidan waɗanda suka fi yi miki ba'a kika kai. Tsayawa kawai kika yi har suka ci a gabanki. Daga nan duk wanda ya roƙi dashe kin ba shi, amma mace da namiji tare, kuma sai kin je da kanki kin ga inda zai dasa.

A watan jiya, bayan likita ya hana ki fita, kika sa muka ɗauko ki a kujera, lulluɓe da bargo, kina nuna mini rassan da zan datse da almakashi, kina faɗa in na yi kuskure.

Ranar jana'izarki na ji wani daga cikin dangi yana cewa rumfar ta yi nauyi, ba mai kula da ita, gara a share wurin a yi garejin mota. To, ya ji ni a nan: ba za a sare ta ba. Na iya datsa, Nolberto ya iya ɗaurin waya, kuma mu biyu ba mu mutu ba tukuna.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya sa ki cikin rahamarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nolberto, da 'ya'yanki Ercilia da Baldomero, da jikoki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kuma bar mana taurin kanki.