Kalmomin da Tajuddeen ya yanka da hannunsa

Tajuddeen malamin kwamfuta ne daga Gwale, mai yawan shiru, irin wanda in ya gaishe ka sau biyu a wuni sai ka tambaya ko lafiya. Gwamnati ce ta turo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku. Aikinsa manhaja ce mai tsinto kalmomi daga tsofaffin jaridun Hausa da regex, wato tsarin da ake nuna wa kwamfuta siffar abin da za ta nemo.

Korona ta kulle shi a ɗakinsa na unguwar Taman Melati, mahaifiyarsa Inna kuma tana kwance ba lafiya a Kano. An shirya jirgin kwaso 'yan Najeriya, amma sai malamarsa ta sa hannu a kundinsa kafin ya hau.

Rubutun jaridun yana da yawa, don haka ya sa manhajar ta riƙa binsa yanki-yanki. Sai ta fara kawo baƙin kalmomi: "sibiti", "allaci". Da yake Bakano ne, duk kalmar da bai sani ba Sakkwatanci ce. Har babi guda ya rubuta a kansu. Malamar, 'yar Malesiya da ba ta jin ko sannu, ta yaba ƙwarai.

Ya kira Bilya, ɗalibi Basakkwace, don ya yi masa fassara. Bilya ya ce shi dai tun da aka haihe shi bai taɓa jin su ba, kuma Kanawa su daina jibge musu shara.

Nan Tajuddeen ya gane. Manhajar ba ta ganin abin da ke bayan iyakar yanki. Duk inda ya yanka, nan take ɗauka kalma ta fara. Asibiti ne da masallaci ya datse wa kai. Layi ɗaya ya ƙara wa manhajar, ya ba ta damar leƙa bayan iyaka, baƙin kalmomin suka ɓace, babin nan ya zama wofi.

Ba wanda zai sani in ya yi shiru. Bilya ma ya ce ya tafi tukuna, gyara ya biyo baya.

Ya faɗa wa malamar. Ta ce sai an sake lissafin duka. Jirgi ya tashi babu shi.

A waya ya yi wa Inna bayani, bai san ko ta fahimta ba.

"Ƙarya ka yi musu?"

"A'a, Inna."

"To zauna ka gama. Allah ya yi maka albarka."

Ranar Juma'ar da ta biyo aka yi jana'izarta. Ƙaninsa ne ya kira shi ta bidiyo, ya ɗaga masa waya sama da kan sahu, ya ga likkafani daga nesa.