Tsakuwa Mai Ɗumi

Marlys Rautio, matar yayana, ba ta taɓa yarda da maganar kowa kai tsaye ba. Idan ka ce mata ana ruwa, sai ta miƙa hannu ta taga ta ji da kanta. Ta shafe rabin rayuwarta tana tuƙa motar 'yan makaranta a Ishpeming, kuma ta ce a nan ta gane duk wanda ya yi maka murmushi da sassafe akwai abin da ya ɓoye a jaka. Ni kaina da nake ƙanwar mijinta, idan na yaba gashinta sai ta harare ni ta ce, "Me kike nema, Joyce?"

Da ta yi ritaya ta sayi babbar motar tafiya, irin mai gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki, bayan ta sa mai sayarwar ya kwanta a ƙarƙashi ya nuna mata tsatsar da bakinsa ya ƙi faɗa. Tun daga lokacin, da zarar ƙanƙara ta narke sai mu kama gaɓar tafkin Superior mu uku. Ita ce a sitiyari, yayana Arne a gefenta, ni a baya ina riƙon tukwane kada su zubo. Arne ya daina tuƙi tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki. Ya samu sauƙi, yana takawa da sanda, amma likita ya hana shi mota. Ni kuwa ƙaramar motata kaɗai na sani, kuma Marlys ta ce ba ta ba da mukullinta ga macen da ke rufe ido idan tirela ta wuce.

Yawon buɗe ido da ita sai mai haƙuri. Idan muka hau hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai yi wa baƙi bayani ya fara labarin fatalwar mai gadi, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kai ka gan ta, ko a takarda aka ba ka?" Idan muka tsaya sayen bandar kifi, sai ta shinshina ta tambayi matar ko da gaske daga tafkin nan ya fito. Na sha jin kunya har na gaji na daina.

Abu ɗaya ne take ƙauna ba da sharaɗi ba, tsintar agat. Tsakuwa ce mai zane-zanen ja da fari, takan ɓuya cikin dubban duwatsun bakin ruwa. Mutane suna rarrafe su wuni ba su samu ba. Marlys daga tsaye take hango ta, hannu a aljihu, sai kawai ta sunkuya ta ɗauka.

Bara ta daki turken lantarki a wurin da muke ajiye mota mu kwana. Ta ce wanda ya kafa turken ne ba shi da hankali. Amma 'yarta Renee ba ta yi dariya ba. Ta riga ta nemo musu ɗaki a wani bene a Green Bay kusa da ita, ta kuma faɗa ƙarara cewa ranar da idon uwarta ya gaza, ranar za a sayar da motar. Arne ya fi kowa tsoron benen nan. Ya ce mini gara a binne shi da a zaunar da shi yana kallon wurin ajiye motoci ta taga.

"Mama, don Allah ki je a duba idon nan," in ji Renee a waya.

"Makauniya ce ke tsintar agat daga tsaye?" in ji Marlys. Daga nan duk wadda ta tsinta sai ta ɗauki hotonta ta aika wa 'yar, ba ta ƙara ko kalma.

Bana kuwa ta tsinta fiye da kowace shekara. Ni murna nake yi, ita kuwa fuska a murtuke. Ta ce sa'a ba ta bin mutum haka kullum sai da dalili. Da farko ta zargi wani mai shagon tsaraba, wai shi ke watsa su a bakin ruwa don ya jawo baƙi. Bawan Allah ya rantse har ya fara in'ina. Sai ta dawo kaina. Na fito wanka na tarar tana lalube a aljihun rigar sanyina.

"Me kike nema?"

"Abin da kika san ina nema."

"To in kin samu kuɗi mu raba," na ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yini ban yi mata magana ba.

Wata safiya a Grand Marais aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Arne ya yi gaba da sandarsa kamar kullum, wai likita ya ce ya riƙa motsa ƙafa. Muna biye da shi daga nesa. Marlys ta sunkuya ta ɗauki wata kyakkyawa da ke zaune ita kaɗai a kan yashi, sai ta tsaya cak.

"Joyce, zo ki taɓa."

Na taɓa. Da ɗuminta, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Na ɗauki wani dutse a gefe, sanyinsa ya cije mini yatsu. Muka ɗaga kai tare. Can gaba Arne yana dogara sanda, hannunsa mai lafiya a cikin aljihun wando, yana ta kallon ruwa kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Direba, an dace?" ya ƙwala mata kira.

"An dace, tsoho," ta ce, ta jefa ta a aljihu.

Na zaci za ta ci shi ɗanye. Ba ta ce uffan ba. Da rana ta ɗumama masa abincinsa, ta ce za mu je sayen kifi, ya zauna ya huta da ƙafar. Muka bi wata 'yar hanya cikin itatuwa har muka fito wata gaɓa da Arne bai taɓa takawa ba, duwatsu zube iyakar ganin ido.

Ta fara tafiya hannu a aljihu, yadda ta saba. Ta je ta dawo. Sai ta cire hannuwan ta ɗan ranƙwafa. Can na ga abin da ban taɓa gani ba, Marlys ta durƙusa a kan gwiwa tana juya duwatsu ɗaya-ɗaya, tana kai su dab da hanci. Zuciyata ta karye, na juya ina kallon wani jirgi da ke wucewa.

Da na waiwayo ta miƙe tsaye. A daidai gaban takalminta na hagu akwai agat jajir, jiƙe da ruwa, tana ƙyalli a rana. Yaro ma zai gan ta daga nesa.

"Kin yi shiru," ta ce. "Akwai wata kusa da ni ko?"

"Ni ban iya gane su ba, kin sani."

"Joyce. Yara dubu sun gwada yi mini ƙarya, kuma duk sun fi ki iyawa. Akwai ko babu?"

"Akwai."

"Kada ki nuna mini."

Ta sunkuyar da kai ta duba, ta daɗe tana dubawa. Idonta ya bi ta kanta ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Daga nan ta share hannuwanta a wando, ta juya muka kama hanyar komawa, muka bar ta a wurin.

Arne yana zaune a kujerarsa ta gaba da muka iso. Ya tambayi ina kifin. Marlys ta ce masa ya matsa baya, wurin nan nata ne yau. Sai ta zaro mukulli ta danƙa mini. Yayana ya kalli mukullin a hannuna, ya kalle ta, bakinsa ya fara rawa.

"Marlys, ni dai so nake mu ƙara ko shekara ɗaya."

"Na sani, tsoho. Amma akwai 'ya'yan mutane a kan titin nan. Zauna ka ɗaura bel."

Na hau kujerar direba ƙafata na karkarwa. Na ce zan bi babban titi, ya fi sauri zuwa gida.

"A'a, bi ta bakin ruwa," ta ce, ta juya fuskarta wajen taga. "Ki riƙa faɗa mini abin da muke wucewa. Kada ki ƙara gishiri, zan gane."